Wa Ya Ɗinka Wannan Riga?

Gidanmu a cikin birnin Zariya gidan allura ne. Kakanmu maɗinkin manyan riguna ne, Baba ya gaje shi, Yaya kuma ya karɓi zauren tun kafin idon tsohon ya fara rauni. Ni aka sakar wa boko har na zama malamin makaranta, amma sana'ar ba ta sake ni ba, domin duk sa'ad da riguna da huluna suka taru na kaiwa Kudu, in dai ina da sarari, ni ake ɗora wa jaka. Abin da ya kai ni Legas ke nan a farkon watan Nuwamba na 2018. Na sauka a Agege, gidan kawuna, wanda ya tsufa a can yana sayar da kayan Arewa.

Kawu yana da 'ya, haifaffiyar Agege, wadda take jin Yarabanci yadda take jin Hausa, a lokacin tana karatun zane a kwalejin fasaha ta Yaba. Da daddare muna lissafin kaya da mahaifinta sai ta leƙo ta ce, "Yaya, ka zo a kan gaɓa. An buɗe baje kolin zane a Victoria Island, kuma an kawo Tutu." Na tambaye ta wace ce Tutu. Ta ce in shirya da sassafe, gani ya kori ji.

Muka hau danfo zuwa Oshodi, muka sake wata, muka bi ta kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, gidajen katako na Makoko suna tsaye cikin ruwa a gefenmu, hayaƙi yana tashi a kansu. Kafin mu isa titin Ozumba Mbadiwe gosulo ya cinye mana hantsi. A nan ginin Civic Centre yake, a bakin ruwa, kuma a cikinsa ake yin baje kolin da ake kira Art X Lagos a wancan lokaci. Wata matashiya, Tokini Peterside, ita ta kafa shi a 2016, wannan shi ne karo na uku.

Na san kasuwar baje koli ta Kaduna, inda ake kai injina da taki da katifu, ana kiɗa ana shela. Wannan daban ce. Sanyin na'ura ne ya fara tarbar mu, sai fararen bangaye da aka gitta aka yanka zauren rumfa-rumfa, kowace rumfa ta wani gidan sayar da zane, daga Legas, daga Akara, daga wasu biranen Afirka da na Turai. Mutane cike, amma ba hayaniya. Ga attajirai cikin leshi da shadda, ga 'yan makaranta an jero su da malaminsu, ga samari da wayoyi suna ta ɗaukar hoto. Ba mai kiran ciniki, ba mai jan hannun riga. Idan ka ga an manna wani ɗan jan ɗigo a gefen zane, to an saye shi ke nan. Farashi kuwa yana cikin takarda a kan tebur, sai ka tambaya a nuna maka.

Ba zan ɓoye ba, na shiga da ɗari-ɗari. Ni ɗan Zariya ne, na tashi da karatun da ya yi tsanani a kan surar mai rai, kuma a rumfunan nan akwai mutum-mutumi da zanen jikin ɗan Adam da na kau da kai daga gare su, har yau ma zan kau. Amma abin da na tarar ya fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Akwai ayyukan da babu ko inuwar mutum a cikinsu, launi ne da layi da ƙulli, irin abin da idona ya saba da shi a gaban riga da goshin soro. Akwai wanda aka yi da zare, akwai na tsumma, akwai na gwangwani da waya. A wani sashe an ware wuri ga Yinka Shonibare, ɗan Najeriya mazaunin Landan, wanda ya yi suna da ɗinka wa gumaka marasa kai tufafin Turawan zamanin da, amma da atamfa. Ƙanwata ta ce in lura, atamfar nan da muke ɗauka tamu ce, asalinta rinin Indunusiya ne, 'yan Holan suka kwaikwaya a injin suka kawo mana. Na daɗe ina juya wannan magana, domin babu akwatin lefen da na taɓa gani a garinmu da ba a yi alfahari da 'yar Holan a cikinsa ba.

Sai muka bi layi zuwa wurin Tutu.

Zanen bai kai girman labarinsa ba, mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa. Wata budurwa ce ta juya baya kaɗan ta waiwayo ta kan kafaɗa, da ɗaurin kallabi, da dogon wuya, da mayafi ya zubo mata. Ba ta murmushi, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Haske ya sauka a goshinta da kumatunta, sauran duk ya nutse cikin duhu-duhu. Sunanta Adetutu Ademiluyi, jinin sarautar Ife. Ben Enwonwu, mutumin Onica, shi ya zana ta a 1974, shekara huɗu da ƙare yaƙin basasa. Ga Inyamuri ya zauna ya zana 'yar sarautar Yarabawa da irin wannan girmamawa a lokacin da raunukan yaƙi ba su warke ba, shi ya sa mutanen Kudu da yawa suka ɗauki hoton alamar sulhu, aka buga kwafinsa aka rataya a gidaje. Na ainihin kuwa ya ɓace shekara da shekaru, sai a wani gida a arewacin Landan aka gano shi, aka yi gwanjonsa a watan Fabrairu na 2018 a kan fam miliyan 1.2. Wata dattijuwa da ke gabana a layi ta tsaya ta dafe ƙirji, ta yi magana da Yarabanci. Ƙanwata ta raɗa mini cewa ta ce irin wannan hoton ne a falon mahaifinta tun tana yarinya.

Na ji daɗin zanen, amma abin da ya bi ni har gida ba fuskar ba ce. Wata 'yar takarda ce fara, ba ta fi tafin hannu ba, manne a bango kusa da kowane aiki a zauren nan. A kanta an rubuta sunan wanda ya yi aikin, da sunan da ya raɗa wa aikin, da shekarar da ya yi shi, da abin da ya yi shi da shi, da tsawonsa da faɗinsa. Babba da yaro, wanda duniya ta sani da wanda ya gama makaranta bara, kowa da tasa. Na lura mutane kan dubi zane, su sunkuya su karanta takardar, sannan su ɗago su sake duban zanen da wani ido. Wasu ma takardar suke fara ɗauka a waya. Enwonwu ya rasu tun 1994, amma a ranar nan yara 'yan firamare suna ta maimaita sunansa. Da ƙanwata ta gaya mini cewa mahaifinsa masassaƙi ne na gargajiya, a hannunsa ya fara koyon aiki, sai na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Ashe shi ma ɗan zaure ne irina.

Kashegari muka nufi Onikan, gidan adana kayan tarihi na ƙasa, wanda Bature Kenneth Murray ya kafa a 1957. Tun daga waje wani aikin tagulla na Enwonwu, Anyanwu, yake tarbar mai shiga. A ciki akwai tagullar Binin, 'yan'uwan waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897, akwai na Ife, akwai kuma kawunan yumɓu na Nok. A gaban na Nok na fi daɗewa, saboda daga jiharmu suka fito, kudancin Kaduna, inda masu haƙar kuza suka fara tono su. Idanunsu masu kusurwa uku, an huda ƙwayar, an huda hanci da baki, kitson kansu kuwa an tsara shi tsaf, har ka ga inda yatsan maginin ya danna laka tun tana ɗanya. Sun haura shekara dubu biyu. Babu mai sanin sunan wanda ya gina su, kuma wannan ba laifin kowa ba ne, zamani ne ya yi nisa.

A wani ɗaki na daban motar Janar Murtala take, baƙar Marsandi, da hujojin harsashi a jikinta tun ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976. Duk ɗan Arewan da ya shiga ɗakin nan jikinsa zai yi sanyi. Na yi masa addu'a muka fito. Muna tsaye a inuwa muna shan ruwa sai ƙanwata ta zaro naira ashirin daga jaka, ta nuna mini Murtala a gaba, ta juya bayan ta ce, "Yaya, wannan fa?" Na ce Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane. Ta ce, "To mata nawa ne suke gina tukunya a ƙasar Gwari a zamaninta? Me ya sa ita kaɗai muka sani?"

A nan ta ba ni labarin da ban taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba. Ladi Kwali gwana ce tun a ƙauye, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada. A can Bature Michael Cardew ya gan su. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, sai ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. A makarantar nan kowane magini yana da hatiminsa da yake dannawa a gindin abin da ya gina, nata haruffa biyu ne na sunanta. Da wannan hatimi tukwanenta suka je Landan, aka san hannunta, ta zaga Turai da Amurka tana gini a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Gwanintar tata ce, Allah ya ba ta, ba a makarantar Bature ta koyi zanen ƙadangare da kifi da kunama a jikin randa ba. Amma da babu hatimin nan, da an ce tukunyar Gwari ce kawai, an wuce wurin.

Gidan zane na Nike da ke Lekki kuwa, wanda shi ma muka leƙa, sai wanda ya gani. Farin bene ne mai hawa-hawa, shiga kyauta, kuma tun daga ƙasa har sama babu tazarar hannu a bango da ba a rataya wani abu ba. Mai gidan, Nike Davies-Okundaye, wadda kowa ke kira Mama Nike, 'yar Ogidi ce ta jihar Kogi, kuma da rinin adire ta fara. Na tsaya a kan wani zane na adire na kusa sa hanci a jikinsa. Da kullun rogo ake zana shi, da gashin kaza a madadin alƙalami, a bari ya bushe, a tsoma a baba, a wanke kullun, sai zanen ya fito fari-fari a cikin shuɗi. Warin nan na san shi, warin karofi ne, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. Wannan baiwar Allah ta ɗauki sana'ar da ake yi wa kallon ta matan ƙauye, ta koyar da ɗimbin mata, ta kai ta jami'o'in ƙasashen waje, ta kuma sa sunanta a kai.

A hawa na sama ƙanwata ta riƙa nuna mini ayyukan dattawan fagen tana kiran sunaye, har ta zo kan Bruce Onobrakpeya, ta ce, "Wannan ai ɗan garinku ne." Na ce wane gari? Ta ce Zariya. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya: Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Yusuf Grillo, da shi Onobrakpeya, da wasu. Suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon zanen Turawa kaɗai ba, kowa ya koma ya tono fasahar gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo ga rayuwar Legas da shuɗin launinsa. A duk rumfar da muka shiga a Legas, in aka ambaci Zariya sai ka ga an gyara tsayuwa. Abin ya faranta mini rai, ya kuma sosa mini shi. Tsakanin ganuwar birni da Samaru, inda jami'ar take, ba wata tafiya ba ce, amma waɗanda suka yi wa sunan Zariya wannan hidima a duniyar zane kusan duk baƙi ne da karatu ya kawo, alhali a cikin ganuwa akwai ɗaruruwan masu zanen riga da ba a taɓa kiran ɗayansu mai fasaha ba.

Ana jibi zan koma gida muka biya wani kanti a Ikoyi, irin waɗanda ke sayar wa baƙi da masu hali kayan ado na gargajiya. A can ƙurya an baza wata babbar riga a bango, an zura mata sanda ta hannu zuwa hannu, an haska ta da fitila. Tun daga bakin ƙofa na san ta gida ce. Saƙi ce, shuɗiya mai ɗigon fari, aikin aska takwas da zaren tsamiya. Na matsa. Askake biyu dogaye sun sauko daga wuya, sauran sun jeru a kan aljihu, ga tambari a dama ya nannaɗe kansa, ga dagi, ga gidan biyar, ga dubban ƙananan huje-huje da aka zagaye kowanne da zare har suka zama shimfiɗa guda. Na roƙi yarinyar kantin izini, na ɗaga bakin aljihun na duba ciki. Sauran tawadar mai zane tana nan inda zare bai rufe ba. Na san hannun. Wani tsohon malami ne a unguwarmu, shi yake zana wa Baba riguna tun ina yaro, da alƙalamin kara da tawadar da yake rubuta allo da ita, ba ya awo da komai sai yatsunsa. Yana da yadda yake karya wutsiyar tambari ta koma ciki, ba wanda yake yin haka sai shi. Ni ne ma ake aike in kai masa yadi in karɓo. Ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa.

Ita ma rigar tana da 'yar farar takardarta. An rubuta da Turanci cewa rigar Hausawa ce, daga arewacin Najeriya, ƙarni na ashirin. Shi ke nan. Kuɗin da aka sa mata kuwa, na tabbata malamin nan bai taɓa riƙe irinsa a hannunsa ba tun daga haihuwa har kabari.

Na ce wa yarinyar na san wanda ya zana wannan riga. Ta yi mamaki ƙwarai, ta ɗauko biro ta ce in faɗa mata, domin masu saye kullum suna tambaya, su kuwa ba su da amsa, a hannun dillali suke saye, dillali kuma ba ya faɗi. Na faɗa mata sunansa da unguwarsa ta rubuta. Da muka fito ban iya magana ba har muka hau mota.

Riga irin wannan ba aikin mutum ɗaya ba ce, kuma ba aikin mako ba ce. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, marini ya rina, maɗinki ya haɗa, mai zane ya zana, masu allura su ɗauki watanni a kanta, wani ya yi wuya, wani ya yi aljihu, wani ya yi baya, sannan a kai wa mabuga su buge ta da guduma a kan gungume har ta yi sheƙi. A Zariya ta yau kaso mai yawa na wannan ɗinki mata ne suke yi a cikin gidaje, tsakanin girki da raino. Duk waɗannan hannuwa, babu ɗaya da ke fitowa a takarda. Mai sarautar da ya sa rigar ranar hawan salla shi ake yi wa kirari, mai kantin da ya rataye ta shi ke karɓar riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Washegari na raka Kawu kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, inda yake da abokan ciniki. Rumfuna da yawa a can na mutanenmu ne, Kanawa da Sakkwatawa da Buzayen Agadas, ga jakunkunan fata, ga tum-tum, ga faifai, ga takubba, ga zobban azurfa. Jar fatar akuyar Sakkwato ce a ko'ina, wadda aka daɗe ana ketara Sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don a can suke sayenta. Ita ma ko sunan ƙasarta ba ta tsira da shi ba. Na ba wani dattijo mai rumfa labarin rigar, na tambaye shi me zai hana a riƙa faɗin sunan badukun da ya yi jaka. Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ɗan boko ne. In na gaya wa mai saye wanda ya yi, gobe ya tsallake ni ya tafi wurinsa, ni kuma in ci me? Ni na biya kuɗin mota, ni nake biyan hayar rumfa, ni nake zama wata guda ban yi ciniki ba." Ban raina maganarsa ba, domin gaskiya ce, kuma Kawu da ya ciyar da ni a gidansa da wannan dillancin yake riƙe da iyali. Amma na gaya masa abin da na gani da idona: a rumfunan Victoria Island ma dillalai ne, suna karɓar kasonsu mai tsoka, kuma sunan mai zanen shi ne jarinsu. Gwargwadon yadda sunan ya ɗaukaka, gwargwadon yadda kasonsu yake ƙaruwa. Ya ce wannan a can ne. Muka yi sallama a kan haka.

Da na koma Zariya na zayyana wa Baba da Yaya komai a zaure bayan sallar isha'i. Da na zo kan malamin da wutsiyar tambarinsa, Baba ya yi shiru, sannan ya yi masa addu'a mai tsawo. Amma da na kawo shawarar mu riƙa sa suna a cikin rigunanmu, sai ya girgiza kai. Ya ce aikin kirki shi yake faɗin mai shi, wanda ya san riga ya san hannu, sa suna kuwa yana kusa da riya.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai masu sanin hannun ne suke ƙarewa." Na tuna masa cewa mahaddacin da ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa yakan sa sunansa da na mahaifinsa a shafin ƙarshe, ya roƙi mai karatu addu'a, ba wanda ya ce ya yi riya, kuma ta haka duk ƙasar Hausa ta san rubutun Sharu Bala na Gabari a Kano. Malaman da suka rubuta waƙoƙin wa'azi sukan saka sunansu a baitocin ƙarshe. A garin nan namu, masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, kowa ya san Muhammadu Durugu ne ya gina shi, Babban Gwani, har unguwa guda tana amsa sunan sarautarsa, zuriyarsa suna cin albarkacin sunan har gobe. Na kuma gaya masa cewa tun a 1976 wani malamin jami'ar Samaru, David Heathcote, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan, da riguna da huluna da kayan fata, wato duniya ta daɗe da sanin aikin yana da daraja. Masu aikin ne ba ta sani ba.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya ne ya kawo tambayar da ta fi wuya. Ya ce, "To sunan wa za a sa? Nawa, ko na mai zane, ko na matan da suka yi wata uku a kan aljihu?" Na ce a sa duka. Ya ce aljihu ba allo ba ne. Muka yi ta ja har dare ya raba, daga ƙarshe muka tsaya a kan ɗan ƙyalle fari, faɗin yatsa biyu, a ɗinke shi ta cikin aljihu inda ba ya ɓata ado, a rubuta da ajami da boko: Zariya, shekara, sunan mai zane, sunan wanda ya yi mafi yawan ɗinkin.

Ba a rasa cikas ba. Wasu dillalan da suka ga ƙyallen sai suka sa reza suka farke shi, ɗaya ma ya daina saye a wurinmu. Wasu kuma ba su damu ba, akwai ma wanda ya dawo ya ce wani mai saye a Abuja ya nemi a sake yi masa riga, amma lallai hannun da ya yi ta farko. Batun mata ya fi kowanne nauyi. Magidanta da dama suka ce ba su yarda sunan matansu ya shiga aljihun wani namiji ya zaga duniya ba, kuma ba mu yi jayayya da su ba, sai muka riƙa rubuta sunan gidan a madadin na matar.

Matar Yaya ce ta aiko a kira ni wata ranar Asabar. Ita ce ta fi kowa iya huje-hujen nan a gidanmu, tun tana budurwa take yi, har tabarau ta fara sawa saboda su. Na same ta a tsakar gida da wata farar shadda a cinya, ta kusa gama aljihun. Ta ce, "Malam, na ji ana rubuta sunan gida. Gida ne ya zauna ya yi wannan?" Na ce a'a, Yaya, ke ce. Ta ce ta riga ta yi magana da maigidan, ya amince. Ta miƙo mini ƙyallen da biro ta ce in rubuta mata sunanta da na mahaifinta a takarda da manyan baƙaƙe, ita za ta ɗinka shi da hannunta.